Ramukan Takin da Sauda Ta Gada

A Rawayau aka haifi Sauda, a gidan Malam Rabe manomi, kuma tun tana yarinya aka san ta da rashin tsoro. Ita ake kira idan kunama ta fito daga ƙarƙashin tabarma, ta zo da takalmi ta gama da ita ba tare da ta yanke hirarta ba. A Dutsin-Ma aka yi mata aure, gidan wani mai awon hatsi, ta daɗe a can har ta iya dama fura irin wadda direbobin manyan motoci ke taka birki dominta. 'Ya'yanta mata suka girma suka yi aure, mijin ya rasu, ta yi takaba ta gama. Ba a jima ba ubanta ma ya bi, ana gab da samun mulkin kai. Sai ta tattara turminta da ƙwaryoyinta ta dawo gida.

Da aka raba gado, ƙanenta Ummaru ya sami babbar gona da rumbuna. Ita kuma aka ba ta ɗaki guda, da 'yar gonar bayan gida, da ramukan taki uku da ke tsakanin darni da gonar. Ummaru mutum ne da ko tsintsiya aka ce ya bayar sai ya juya ta ya duba, amma ramukan nan ya sallama su da sauri, har da sa albarka.

Malam Rabe ya koyi haƙa su ne daga malaman gona, lokacin da suke yawo ƙauye-ƙauye a kan keke suna koya wa mutane huɗa da shanu. Yawancin mutane sun haƙa don a gani, da malaman suka juya baya suka mai da nasu juji. Shi kuwa ya riƙe abin da gaske. Ya haƙa su zurfin ƙirjin mutum, ya yaɓe gefensu da laka kamar cikin rumbu. Yakan shimfiɗa kara da ƙaiƙayi, ya zuba kashin awaki, ya barbaɗa toka, ya sa a riƙa watsa ruwan wanke-wanke a kai. Idan na fari ya ɗau zafi ya juye shi cikin na biyu, daga na biyu zuwa na uku, sai ya fito baƙi, mai laushi, ba ya wari.

Amma na ukun, wanda ke kusurwa, ya daɗe da fita daga aiki. Wata shekara Malam Rabe ya cike shi, ya yaɓe samansa, ya jera duwatsu a kai, ya ce kada wanda ya taɓa. A shekarar Ummaru yana ci-rani, Sauda tana gidan miji, kuma Malam Rabe ba mutum ne da ake tambaya dalili ba. Mutanen gida suka ƙirƙiro nasu dalilin. Wasu suka ce tsarin gida ya binne, wasu suka ce iskoki ne suka tare a ciki ya yi sulhu da su. Mata ba sa watsa ruwan zafi ta wajen, yara kuma sukan kewaye shi idan an aike su.

Sauda ta tarar da biyun farko sun lalace. Gefe ya zube, tumfafiya ta fito a ciki, an cika su da sakaina da fasassun tukwane. Da bazara ta ɗaure ɗamara ta shiga da fartanya da kwando. Ta tsince tarkacen, ta kwaɓa laka ta yaɓe inda ya rufta, ta tankaɗe tsohon takin da ya rage a ƙasa. Bai kai ya rufe ko rabin gonar ba. Ta tsaya da hannu a ƙugu tana duban ramin kusurwa. A ranta ta ce Baba dai taki ya ajiye ya manta, tsoffi kuwa haka suke da ajiya.

Ummaru ya leƙo ta kan darni ya ga tana ɗage duwatsun.

"Yaya, ashe ba ki ji abin da Baba ya ce ba?"

"Na ji. In masu wurin ne, su yi haƙuri su matsa, ni ma gado na ci. Ara mani jakinka da mangala."

Ta yi bisimilla ta fasa yaɓen. Abin da ke ciki ya fi duk takin da ta taɓa gani kyau, baƙi wuluk, yana ruɓushewa a hannu. Ta yi ta ɗibar sa a mangala tana kaiwa gona, tana tsibawa, tana bazawa. Sai da ta kusa ƙasan ramin fartanya ta bugi ƙashi. Haƙarƙari ne na babbar dabba, da ƙoƙon kai, da ƙahoni biyu, ɗaya ya karkata ƙasa. Ta yi dariya ta ce ashe iskokin Baba ƙaho gare su. Ta farfasa ƙasusuwan da suka ruɓe ta watsa a gona, ƙahonin kuma ta kafa su a kan darni don yara su gani su daina gudu.

Tana da ƙawa guda a duniya, Adama matar Yero, Bafulatana daga rugar da ke bakin rafi. Tare suka yi wasan ƙasa. Da Sauda ta dawo ta kafa sana'ar fura, Adama ce ke kawo mata nono kowace hantsi, su zauna a gindin darni su ci dariyar mazan garin ɗaya bayan ɗaya. Tsakanin gidajen biyu akwai amana tun daga iyaye: duk kaka, in an cire amfani, garken su Yero ne ke fara shiga gonar bayan gidan Malam Rabe, su ci kara da ragowar harawa, su kwana a ciki su bar kashi. Ba a taɓa roƙo ba, ba a taɓa hanawa ba.

Ruwa ya sauka, gero ya tsiro, sannan Gogo ta zo ganin gida daga Karofi, inda take zaune wajen 'yarta. Ƙanwar Malam Rabe ce, ta tsufa, idonta ya kusa tafiya gaba ɗaya. Sauda ta riƙe hannunta tana zagawa da ita, tana yi mata alfaharin aikin da ta yi. Gogo tana lalube a jikin darni sai hannunta ya faɗa kan ƙahon nan. Ta shafa shi daga gindi zuwa tsini, ta bi karkatarsa, sannan ta janye hannu ta goge a zane.

"Wanga ƙaho daga ina?"

"Daga ramin kusurwa. Na buɗe shi, Gogo. Ba komi ciki sai taki da ƙasusuwa."

"Takin fa?"

"Ga shi can gero shina ci."

Gogo ta nemi ƙasa ta zauna a wurin, ba ta jira tabarma ba. Ta ce a kawo ruwa da sabulu, ta wanke hannu har gwiwa, sannan ta yi magana a hankali, tana juya kai ko akwai mai ji.

Ƙasusuwan na bajimin huɗar Malam Rabe ne. Wata safiya aka same shi a turke yana rawar jiki. Mijin Gogo, Ilu, shi ne mai fiɗa a dangi, sai ya yi sauri ya sa wuƙa kada naman ya tafi a banza. Jinin da ya fito baƙi ne kamar kwalta, kuma ya ƙi daskarewa. Da ya farke cikin, saifar ta kumbura ta cika wuri. Malam Rabe ya gane ciwon saifa ne, ya ce a tsaya. Ramin kusurwa a lokacin babu komai a ciki, sai suka ja shi su biyu suka jefa, suka juye taki a kai. Aka ce wa mutane wani dillali daga Kurfi ya saye shi, don in labari ya fita za a hana shanun garin duka shiga kasuwa, kuma sunan Malam Rabe ne zai ɗauki laifin. Kafin mako ya kewayo wani ɗan ƙurji ya fito wa Ilu a wuyan hannu, tsakiyarsa baƙi kamar gawayi, ba ya ko zafi. Hannu ya kumbura, kumburi ya hau kafaɗa ya kama wuya. Aka ce wa mutane maciji ne.

"Ni na riƙe kanshi har ya cika," in ji Gogo. "Ciwon nan ba shi mutuwa a ƙasa, ɗiyata. Ko shekara nawa shina nan kwance. Dabba ta sa baki ta lashi ƙasar, shi ke nan."

Sauda ta dubi tafin hannunta. Da su ta tsince ƙasusuwan, da su ta farfasa.

"Abu biyu nike roƙon ki," in ji Gogo. "Kada ki bari dabba ta sa baki a gonar nan. Kuma ki rufa wa ubanki asiri. Ya mutu da mutuncinshi, kada a ce ya yi ƙarya a kan gawar surukinshi."

A ranar tsoro ya shiga Sauda, kuma da yake ba ta saba da shi ba, bai same ta da wata dabara ba. Ta cire ƙahonin da sanda ta jefa su a ramin ta rufe. Kowace safiya bayan salla takan fito haske ta juya hannuwanta, ta duba tsakanin yatsu, ta duba wuyan hannu. Wata rana cinnaka ya cije ta a damtse, wurin ya yi ja, ta wuni ba ta ci abinci ba tana jiran tsakiyarsa ta yi baƙi. Awakinta biyu ta kai su gidan Ummaru ta ce ta gaji da kukansu.

Geron kuwa kamar da gangan yake yi. Ya fi na kowa tsawo, ganyensa ya yi kore shar, waken da ta shuka a tsakani ya rufe ƙasa. Masu wucewa zuwa gona sukan tsaya su ce, "Sauda, kin fi maza bana." Ita kuwa duk yabon sai ta ji shi a ciki kamar an zuba mata ruwan sanyi. Da zangarniya ta nuna, ta karyo kaɗan ta sussuka ta daka ta dama, ta sha ita kaɗai a ɗaki, ta zauna tana sauraron jikinta. Ba abin da ya faru. Ta ɗan sami numfashi, har ta fara ce wa kanta Gogo ta tsufa, ƙila ta haɗa labari biyu. Amma mutum ba ya lasar ƙasa, saniya kuwa tana yi. Kuma kaka tana matsowa, garken Yero yana tafe.

Sau nawa ta shirya maganar. Adama za ta sauke ƙwarya, ta zauna ta miƙe ƙafa, Sauda ta buɗe baki, sai ta tuna abin da zai biyo baya. In ta faɗa wa Adama, Adama dole ta faɗa wa Yero, Yero ya faɗa wa 'yan'uwansa, kafin la'asar gari ya ɗauka. Za a ce Malam Rabe ya ɓoye cuta, za a ce Ilu ba maciji ba ne. Kuma wa zai sake shan furar da aka dama a gidan da aka tono saifa? Sai ta haɗiye, ta ce nonon yau ya yi kauri.

Ta yanke shawara za ta tsare shanun ba tare da ta buɗe baki ba. Da aka gama girbi ta shiga daji ta saro ƙayar magarya, ta jawo ta da igiya, ta kewaye gonar da shinge mai tsawon mutum. Hannuwanta suka yi kaca-kaca, kowane karce kuma sai ta tsaya ta dube shi.

Adama ta zo ta tsaya tana kallon shingen da ƙwarya a ka.

"Shinge kika yi mamu, ƙawa?"

"Awaki ne suka dame ni."

"Lallai awakin Rawayau sun yi tsawo bana," in ji Adama. Ta yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Da za ta tafi ta ce Yero ya ce a gaishe ta, in an ci kasuwar Kurfi zai shigo da shanu kamar yadda aka saba, a buɗe masa gefe guda.

Sauda ta rasa inda za ta sa kanta. Ba ta da bakin da za ta ce a'a, don ba a taɓa cewa ba. Ta yi tunanin kwashe karan ta kai musu ruga, sai ta ji tsoron ko cutar ta hau jikin karan. Daga nan dabara ta zo mata, kuma ta ga kamar Allah ne ya kawo ta: in babu abin ci a gonar, babu abin da zai kawo shanu. Ga shi wuta tana kashe komai. Ana gobe kasuwa, da safe kafin iska ta tashi, ta tara karan da harawar a tsakiyar gona ta kunna musu wuta.

Ba ta lissafa da ƙayar ba, wadda ta riga ta bushe ƙayau. Wuta ta bi ciyawa ta kama shingen, ta zagaye shi kafin a ɗebo ruwa. Da ƙyar maza suka tare ta daga darnin gida. Ummaru ya tsaya cikin hayaƙi yana tari.

"Yaya, lafiyarki kuwa? Harawar da mutane ke nema ido rufe ita kika ƙone?"

Ta juya ta shige gida. Kafin azahar gari ya gama yanke hukunci: Sauda ta gwammace ta ƙone abincin dabba da ta ga shanun Fulani sun ci. Maganar ta isa ruga kafin tokar ta huce. Adama ba ta zo washegari ba.

Sauda ta ce a ranta, to, a zage ta, in dai shanun sun tsira. Da manomiya ce mai kiwon shanu da ta san abin da kowane makiyayi ya sani, cewa saniya tana son toka kamar yadda take son kanwa. Burtalin da garken ke bi zuwa ruwa ta bayan gidajen ya ratsa. Wata rana tana tsakar gida tana daka sai ta ji takun kofato ya tsaya inda bai saba tsayawa ba. Ta leƙa. Shanun sun cika gonar, kawunansu duka a ƙasa, suna lasar tokar har suna tono ƙasar da ke ƙarƙashi. Hancinsu ya yi baƙi.

Ta fita da taɓarya a hannu, ba mayafi, tana dukan su a gindi tana kora. Yero yana tsaye a gefe da sanda a kafaɗa. Mutum ne mai kunya, bai taɓa ɗaga mata murya ba, yau ma bai ɗaga ba.

"Toka ce kawai suke lasa, Sauda. Ko tokar ma an hana?"

Nan ne ya kamata ta faɗa. Ta dubi maƙwabta da suka leƙo ta kan darni, ta ce, "Kore su dai, Yero, don Allah."

Ya kore su, bai sake duban ta ba.

Daga ranar ba ta ƙara zama lafiya ba. Tun da Adama ta daina zuwa, ita ta riƙa ɗaukar ƙwarya kowace safiya ta tafi ruga da sunan sayen nono. Adama takan auna mata ba hira, ita kuma idonta yana kan garke. Wadda ta kwanta tana tuƙa sai ta ga kamar ba za ta tashi ba. Wadda ta yi tari sai gabanta ya faɗi. Tana komawa gida ta kasa daka, ta zauna tana kasa kunne ko za ta ji salati daga bakin rafi. Ta rame har zanenta ya riƙa kwancewa.

Wata hantsi ta doso rugar sai ta ga mutane sun taru. Jar karsanar Adama ce, wadda ubanta ya ba ta, a kwance a ƙasa tana rawar jiki, numfashinta yana fita da ƙyar. Adama ta durƙusa ta riƙe kan karsanar tana share mata kumfar baki da hannu. Yero yana wasa wuƙa a kan dutse. Maƙwabta sun fara zuwa da akussa, yara suna tsalle don za a ci nama.

"Gyauron dawa ta ci," in ji Yero ga wani dattijo. "Jiya ta ɓalle ta shiga wata gona. Ku juya mani ita gabas, kada ta tafi mushe."

Haka ake yi, kuma haka ya kamata a yi in gyauro ne. Dabba ta kusa tafiya, a yi sauri a ambaci sunan Allah a yanka, a raba naman gida-gida, a rage asara. Maza biyu suka kama ƙafafun. Sauda ta dubi wuƙar, ta dubi hannun Yero da ƙaya ta tsattsage, ta dubi akussan, ta ƙirga gidajen da naman nan zai shiga kafin azahar. Ƙwaryar ta suɓuce daga kanta ba ta ko ji faɗuwarta ba.

Ta ratsa maza ta kama wuyan hannun Yero da hannu biyu. Mace ba ta yin haka, balle ga mijin wata, balle a gaban mutane.

"Kada ka yanka. Saifa ce."

"Sake ni, Sauda. Za ta tafi."

"Ta tafi. Na ce maka saifa ce, daga gonata ta ɗauko. Bajimin Baba ba a sayar da shi ba, saifa ta kashe shi, suka binne shi a ramin taki. Ni na tono na baza a gonar. Ita ta kashe Kawu Ilu, ba maciji ba. Fiɗa kawai ya fara."

Kowa ya ji. Yero ya daina ja. Ya sunkuya ya dubi hancin karsanar, inda wani baƙin jini ya fara ɗigowa a hankali, yana bin ƙasa bai daskare ba. Shi makiyayi ne, ba ya bukatar a ƙara masa bayani. Ya ja da baya, ya ce wa masu riƙe da ƙafafu su saki, ya ce a janye yara. Masu akushi suka fara zamewa ɗaya-ɗaya. Karsanar ta yi shure-shure ta yi shiru, ba wanda ya taɓa ta.

Sauda ta durƙusa ta fizge hannun Adama daga kan dabbar, ta ja ta zuwa tulu, ta yi ta wanke mata shi da sabulu, tana juya shi, tana neman tsaga ko karce. Adama ta bar mata hannun kamar ba nata ba.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun farkon damina."

Adama ta zare hannunta ta shiga bukka.

Aka haƙa rami mai zurfi aka tura karsanar da itace, aka tara ƙiraruwa a kai aka ƙone, aka rufe. Mai gari ya aika Dutsin-Ma, malamin dabbobi ya zo a kan keke da akwatin allura ya bi garken. Aka hana shanun garin zuwa kasuwa na wani lokaci, kuma duk wanda ya yi asarar ciniki ya san ƙofar da zai harara. Ummaru ya daina gaishe ta har aka yi azumi. Gogo ta aiko daga Karofi cewa ba ta da ɗiya a Rawayau. Fura kuwa ko kyauta ta bayar ba mai karɓa.

Sauda ta rayu shekaru bayan haka. Ta koma yin daddawa da kalwar da take sayowa daga wani gari, a hankali mutane suka dawo. Ramuka biyun ta ci gaba da aiki da su yadda ubanta ya yi, masu lambu har roƙon takinta suke. Gonar bayan gida kuwa ba ta sake shuka ta ba. Ta dasa mata shingen aduwa, kuma duk baƙon makiyayin da ya sauka a bakin rafi, kafin ya kafa bukka za ta je da ƙafarta ta nuna masa wurin ta gaya masa abin da ke ciki. Amma duk wannan daga baya ne.

A makon da aka binne karsanar, tana zaune a gindin darni da hantsi, ba ta daka komai ba, sai ta ji sallama. Adama ce, da ƙwarya a ka. Sauda ta miƙe da sauri, idonta ya tafi kan hannuwan Adama tun kafin ta amsa. Lafiya lau suke. Ta ji ƙwalla ta cika mata ido, ta jawo tabarma.

Adama ba ta zauna ba. Ta sauke ƙwaryar ta buɗe faifan. Babu komai a ciki, a wanke take.

"Saniya biyu sun ƙi kiwo tun jiya," in ji ta. "Ban sani ba ko ciwon ne, ko allurar ce ta kwantar da su. Abin da na tatsa na zubar. Na ce kada ki ji shiru ki aiko, ko wani ya kawo maki nonon rugarmu ki dama wa mutane."

"Adama, ki zauna mana."

"Jibi za mu tashi. Yero ya ce bakin kogin Karaduwa za mu koma, in akwai sauran da za a kora."

Adama ta mai da faifan ta rufe ƙwaryar, ta ɗora a ka, ta gyara gammo.

"Ni ma na ji tsoro da zan taho," in ji ta. "Na san in na faɗa ba mai sake sayen nonona a garin nan. Amma ga shi na faɗa, ko numfashi biyu bai kai ba. Kullum ina zaune nan kusa da ke, Sauda, damina guda."

Ta juya ta fita. Sauda ta bi ta har bakin burtali tana kiran sunanta, Adama kuwa tafiya kawai take, hannu ɗaya riƙe da ƙwaryar.